Tambaya ga waɗanda suka yi karatu a Sin: yaya 'ya'yan Sinawan kansu suke rayuwa a jami'a?

Dan_Kurmi
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya ƙanena ya turo mini wani bidiyo: ɗalibai sun ja layi a ƙofar laburare tun gari bai waye ba, ƙanƙara na zuba, kowa rungume da littattafai da fulas ɗin ruwan zafi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ni ɗan kasuwa ne, sau biyu a shekara nake zuwa Gwanzu da Yiwu sarin kaya, amma ban taɓa sa ƙafata a harabar jami'arsu ba. Abin da na ɗauka shi ne yaran nan sun samu komai: malamai na shiga aji, wuta ba ta ɗaukewa, babu yajin aiki, shi ya sa ƙasarsu ta yi mana nisa. Haka abin yake? Ku lura, ba yadda suke karɓar baƙi irinmu nake tambaya ba. 'Ya'yansu na cikinsu nake nufi. Yaya ake koyar da su, ina suke kwana, me suke ci?

Injiniya_Wuhan
Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara uku na yi a Wuhan ina digiri na biyu, kuma na ga irin wannan layi da idona. Sai dai ka tambayi wane wata aka ɗauki bidiyon. Kusan kullum Nuwamba ne ko farkon Disamba, saboda a ƙarshen Disamba ake rubuta jarrabawar shiga digiri na biyu, wadda suke kira kaoyan. Wadda aka yi a Disambar 2022, mutum miliyan 4.74 ne suka yi mata rajista, guraben kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Layin da ka gani na neman kujera ne a wuri mai ɗumi da shiru, domin ɗakin kwanansu ba ya karantuwa. Yaron da ya rasa kujera a matattakala yake zama da ɗan kujerarsa ta naɗewa, yana ta hadda da ƙarfi har dare. Ƙwazo ne, ban musa ba. Amma akwai tsoro a cikinsa, tsoron fita da digiri ɗaya kasuwar da ta cika da masu digiri.

Uwar_Biyu
Ko ma tsoro ne ya kai su, ai sun samu laburaren a buɗe. 'Yata wata takwas ta yi a gida a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a, daga Fabrairu har Oktoba, tana ƙirga kwanaki. Ni dai ban ga abin tausayi a yaron da ya san ranar da zai shiga da ranar da zai fita ba.

Injiniya_Wuhan
Hajiya, a nan gaskiyarki ce ɗari bisa ɗari. Ka shiga a Satumba, ka fita a Yuni ko Yuli bayan shekara huɗu. Wannan ba ya motsi.

Tsohon_Malami
Bari in ɗan koma baya, don in ba a san ƙofar shiga ba, ba za a gane abin da ke ciki ba. Jarrabawar shiga jami'arsu Gaokao ce, ana fara ta ranar 7 ga Yuni kowace shekara, a yawancin larduna maki 750 ne jimlarta. An dakatar da ita a zamanin juyin al'adu na shugabansu Mao, sai a 1977 jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya dawo da ita. A waccan shekarar mutum kusan miliyan 5.7 suka rubuta, aka ɗauki 270,000 da 'yan kai. Sai a 1999 gwamnati ta buɗe ƙofa gaba ɗaya. Daga ɗaukar ɗalibai miliyan ɗaya da ɗoriya a 1998, cikin shekara guda aka haura miliyan ɗaya da rabi, aka ci gaba da hawa. A 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajistar Gaokao, kuma a shekarar aka yaye kusan miliyan 11.79 daga manyan makarantu. Gine-gine sun bi wannan gudu, don gini kuɗi ne kawai da siminti. Malami nagari kuwa ba a kwaɓa shi a shekara biyu. Duk abin da za ku ji a ƙasa game da cunkoson ɗaki da raunin darasi, daga nan ya taso.

Yar_Damagaram
Ni zan yi maganar ɗakin kwana, don shi ne abin da ya fi girgiza ni. Na yi shekara biyu a wata jami'a a lardin Jiangsu. Mu baƙi gininmu daban, mutum biyu a ɗaki, banɗaki a ciki, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kicin a ƙarshen baranda. Wata uku ina zaton kowa haka yake zaune. Ranar da ƙawata Basiniya ta kai ni ɗakinsu, kunya ta kama ni. Su shida ne, gadaje masu hawa biyu, kowacce ta zagaye gadonta da labule, wannan labulen shi ne iyakar sirrinta na shekara huɗu. Kayan wanki rataye a barandar da ba ta fi taku biyu ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ake kashe musu wuta a rufe ƙofar gini, akwai dattijuwa mai gadin ƙofa da suke kira ayi, wato kamar inna ko gwaggo, ita ke rubuta sunan wadda ta makara. An hana su tukunyar lantarki da abin busar da gashi mai jan wuta, in an kama a ƙwace. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, amma daga ranar na daina gayyatarta ɗakina, don ban san yadda zan kalle ta ba.

BaZazzagi_88
'Yar'uwa, ki faɗi kuɗin kuma mana. Ɗakin nan yuan (kuɗin Sin) 800 zuwa 1,200 ne a shekara ɗungurungum. Kuɗin makaranta a jami'ar gwamnati wajen 5,000 zuwa 6,000. Ruwa yana zuwa, intanet yana aiki. Mutum shida a ɗaki mai gado shida, ina laifi? Wanda ya taɓa kwana a ɗakin mutum huɗu da mutum goma sha biyu a ciki ba zai kira wannan wahala ba.

Yar_Damagaram
Malam, ban ce wahalar ta fi ta wani wuri ba. Alhaji cewa ya yi sun samu komai. Ni kuma na ce a harabar guda akwai ɗaki iri biyu, kuma mai gida ne a ƙaramin.

Likita_Shenyang
Ina so in ƙara a kan maganar Yar_Damagaram, don arewa da kudu ba ɗaya ba ne. Akwai layin da gwamnati ta shata tun shekarun 1950, ya bi tsaunukan Qinling da kogin Huai. Arewa da shi ana ɗumama gine-gine da bututun ruwan zafi duk hunturu, a Bejin daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Kudu da shi babu. Saboda haka mu a Shenyang sanyi na wuce digiri 20 ƙasa da sifili a waje amma a ɗaki riga ɗaya ta isa, alhali ɗalibin Wuhan ko Nanjing yana rubutu a aji da safar hannu da ƙatuwar rigar sanyi. Abin da ya fi ba 'yan kudu wahala in sun zo arewa shi ne gidan wanka. A tsofaffin jami'o'i gini guda ne, famfuna a jere, wani lokaci ko labule babu, ka sa katinka ruwa ya zo, kuɗi na tafiya da minti. Na san ɗalibai Sinawa 'yan kudu da suka yi kuka a makon farko saboda wannan. Sai ka ga layin fulas kala-kala a ƙofar ɗakin cin abinci, kowa ya ajiye nasa zai ɗebi ruwan zafi ya kai ɗaki.

Dan_Kurmi
Ikon Allah. To ajin fa? Nan ne ya fi damuna.

Dakta_Kimiyya
Alhaji, a nan ne nake da abin cewa. Na yi digiri na uku a can, na ƙara shekara biyu ina aikin bincike, ofishinmu ɗaya da ƙananan malamai. Kayan aiki kam babu magana. Na'urar da a da sai dai in gani a littafi, a can na same ta guda uku a hawa ɗaya, kuma in sinadari ya ƙare yau, gobe ko jibi ya iso. Amma koyar da ɗaliban digiri na farko shi ne abu na ƙarshe a lissafin malami, kuma ba don mugunta ba. Manyan jami'o'i da yawa suna ɗaukar sabon malami a kan yarjejeniyar shekara shida. In bai kai matsayin ƙaramin farfesa a cikinsu ba, sai ya tattara ya tafi. Suna da suna ga tsarin, ma'anarsa ko ka hau ko ka fita. Abin da ake aunawa muƙalu ne a manyan mujallu da kuɗin bincike daga asusun kimiyya na ƙasa. Ba a ƙara wa mutum girma don ya iya koyarwa. Ƙananan malaman nan suna kiran kansu qingjiao, kalmar ta yi daidai da ta ɗanyen barkono a bakinsu. Wanda muke teburi kusa da juna yana da jariri, amma sai sha ɗaya na dare yake barin ofis, Asabar ma yana nan. Darasin da zai koyar da safe, a daren yake buɗe tsohon abin da ya shirya shekaru uku baya ya haska a majigi ya karanta. Ya sha gaya mini yana jin nauyin yaran, amma in ya ba su lokacinsa aikinsa zai tafi. Shekararsa ta shida ta cika bayan na dawo gida. Bai haye ba.

BaZazzagi_88
Dakta, wannan labarin mutum ɗaya ne. Ni malamaina a fannin gine-gine ba su taɓa fashin aji ba, kuma ƙarfe takwas daidai suke farawa.

Dakta_Kimiyya
Zuwa aji daban, koyarwa daban. Kuma ba ni na ƙirƙiro zancen ba. Ɗaliban da kansu suna da suna ga irin wannan darasi, shuike, wato darasin ruwa, wanda ba shi da gwaɓi. A 2018 ma'aikatar iliminsu ta fito fili ta ce a kawar da darussan ruwa a kawo na zinariya. Gwamnati ba ta yi wa cutar da babu ita magani. Shiga aji mai mutum 150 ka tsaya a baya, za ka ga layukan gaba uku suna rubutu, sauran kowa kansa a waya, wasu na haddar kalmomin Turanci saboda jarrabawar da suke kira mataki na huɗu da na shida. Akwai malamai na ƙwarai, na gansu, akwai wani dattijo mai koyar da lissafi da alli kawai wanda ɗalibai ke zama a ƙasa don su saurare shi. Amma shi ya riga ya zama farfesa, ba ya tsoron kowa.

Malama_Hausa
Ni abin da na lura shi ne shirun. Na koyar da Turanci shekara ɗaya a wata kwaleji a Sichuan. In na yi tambaya, aji ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Na ɗauka ba su gane ba ne, ashe sun sani sarai. Shekara goma sha biyu an horar da su cewa tambaya amsa ɗaya take da ita, wanda ya kuskure ya zubar da mutuncinsa a gaban jama'a. Sai an tashi su biyo ni ɗaya bayan ɗaya, ko su turo saƙo ta manhajar WeChat da tambayoyi masu zurfi da za ka yi mamaki. Da na gane haka sai na riƙa raba su uku-uku, nan take ajin ya cika da surutu.

Tsohon_Malami
Malama, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Almajiri ma ba ya ɗaga murya gaban malaminsa, amma ka same shi a zaure da 'yan'uwansa ka ji muhawara. Hadda ba aibi ba ce in an bi ta da fahimta.

Gaskiya_Dokin_Karfe
Duk kun tsallake babban abu. Yaran nan ba su da bakin magana. Kafin su fara karatu sai an sa musu kaki sun yi mako biyu zuwa uku suna fareti a rana ƙarƙashin sojoji. Sannan kowane ɗalibi, ko likitanci yake karanta, dole ya ci darussan siyasa: aƙidar Markisanci, tunanin Mao, tarihin Sin na zamani, yanzu har da tunanin Xi Jinping. Kowace jami'ar gwamnati tana da sakataren jam'iyyar Kwaminis mai mulki wanda ya fi shugaban jami'ar ƙarfi. Akwai kyamara a aji, akwai ɗaliban da aikinsu shi ne kai rahoton abin da malami ya faɗa. Xu Zhangrun farfesan shari'a ne a Jami'ar Tsinghua ta Bejin, ya rubuta suka a kan shugabanni, aka dakatar da shi a 2019, aka kore shi a 2020. Shi ya sa babu yajin aiki, Alhaji. Ba don malamai sun ƙoshi ba ne.

Uwar_Biyu
To yajin aikin da muke da bakin yi, me ya ƙara wa 'ya'yanmu?

Gaskiya_Dokin_Karfe
Hajiya, ban ce ya ƙara ba. Na ce kowane shiru da dalilinsa.

Injiniya_Wuhan
Abin da Gaskiya ya lissafa haka yake, ba zan kare ba. Amma in ƙara wani gefe. Akwai ma'aikaci da suke kira fudaoyuan, doka ta ce kowane ɗalibi 200 a ba su ɗaya. Aikinsa rabi sa ido ne a kan tunaninsu, rabi kuma uwa da uba ne. Shi ke ba da izinin tafiya, shi ke raba tallafin marasa galihu, shi ake kira ƙarfe biyun dare in yaro ya faɗi ciwo. A ɗakin gwajinmu akwai yaron da ya daina fitowa, ya daina cin abinci. Fudaoyuan ɗinsa ce ta gano cikin kwana biyu, ta kira iyayensa daga ƙauye, ta raka shi asibiti, ta yi ta zirga-zirga har ya dawo. Ita ɗin ce kuma za ta kira ka ofis in ka rubuta abin da bai dace ba a intanet. Mutum ɗaya, hannu biyu. Ɗaliban da na sani suna ƙaunarta suna kuma kaffa-kaffa da ita.

Abu_Sumayya
Don Allah ku yi haƙuri in ɗan karkata. Abinci fa? Musulmi zai iya rayuwa a ciki?

Likita_Shenyang
Zai iya. Kusan kowace babbar jami'a tana da ɗakin cin abinci ko taga ta halal, suna rubuta qingzhen, saboda ɗalibansu Musulmi 'yan ƙabilar Hui da Uygur da Kazak. Gwamnati na tallafa wa abincin harabar, da yuan 10 zuwa 15 za ka ƙoshi da shinkafa da miya biyu ko taliyar Lanzhou da naman sa. Salla ce matsalar. Doka ta hana ibada a taro cikin harabar makaranta, babu masallaci, sai dai ka yi a ɗakinka, ranar Juma'a ka fita gari. Mu baƙi ana kau da kai. Abokan karatuna Musulmi Sinawa kuwa, musamman 'yan yankin Xinjiang, ba sa yarda a gansu suna salla, kuma da azumi wasunsu ba sa son a san suna yi. Wani ya taɓa roƙona kada in yi masa sallama a gaban mutane. Har yau abin yana cina.

Abu_Sumayya
Innalillahi. Allah ya kawo musu sauƙi.

Dan_Kurmi
Amin. Amma jama'a mu dawo kan tambayata. Dakta ya ce koyarwar da rauni, BaZazzagi ya ce ba haka ba. In da rauni, waɗanne ne suke ƙera jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 da nake hawa, da wayoyin da nake sarowa?

Tsohon_Malami
Tambaya mai kyau, Alhaji. Amsar ita ce jami'o'in ba ɗaya ba ne. Manyan makarantunsu sun haura 3,000, amma gwamnati ta ware 'yan kaɗan ta zuba musu kuɗi. A 1995 aka fara shirin 211 mai jami'o'i ɗari da 'yan kai. A watan Mayun 1998, a bikin cikar Jami'ar Peking shekara ɗari, shugaban ƙasar na lokacin, Jiang Zemin, ya yi jawabin da ya haifi shirin 985, sunan ma daga shekarar da watan aka ɗauko shi. Jami'o'i 39 kacal ne a ciki. A 2017 aka sauya wa tsarin suna, amma har gobe masu ɗaukar aiki 985 da 211 suke tambaya. Dakta da BaZazzagi na iya zama duk masu gaskiya, kowa da inda ya zauna. Ƙasar da ke yaye sama da miliyan goma a shekara, ko kashi ɗaya cikin ashirin ne suka goge, sun isa su ƙera jirgin.

Dakta_Kimiyya
Ranka ya daɗe, na yarda, da ƙari ɗaya. Ni a ɗaya daga cikin 39 ɗin na zauna, kuma a can matsin lambar ya fi tsanani. Inda yaran suke koyon aiki na gaske shi ne ɗakin gwaji, daga digiri na biyu zuwa sama, kwana shida a mako. Suna kiran mai duba aikinsu laoban, wato maigida, kamar yadda yaron shago ke kiran Alhaji. In ka dace da nagari ka haye. In ba ka dace ba zai riƙe ka yana aikin kamfaninsa da kai, ba ka da inda za ka kai ƙara, don sa hannunsa ne fitarka.

Yar_Damagaram
Baba Tsohon_Malami ya taɓo abin da ƙawata ta fi yi wa kuka. Ita 'yar lardin Henan ce. Mutanen lardin sun kusa miliyan ɗari, masu rubuta Gaokao sun haura miliyan kowace shekara, amma babu jami'ar 985 ko ɗaya a can, ta 211 guda ce tal, Jami'ar Zhengzhou. Bejin ita kaɗai tana da takwas daga cikin 39 ɗin. Kuma guraben lardi-lardi ake raba su, kowace jami'a ta fi ba 'yan garinta. Da wuya ka samu damar zuwa wani lardi ka rubuta, galibi sai inda rajistar gidanku take. Ta ce a sakandare ƙarfe biyar da rabi suke tashi, sai bayan goma na dare su kwanta, shekara uku. A 2023 yaran Henan da Shandong da Shanxi da Hebei suka ƙirƙiro wata jami'a a intanet wadda babu ita a ƙasa, suka sa mata suna Shanhe, har da tambari da katin ɗalibi. Wasa ne, amma irin wasan da ake yi da hawaye a ido.

BaZazzagi_88
Wannan na yarda da shi. Kuma shi ya sa wasunsu ke jin haushinmu. Tallafin gwamnatin Sin yana ba baƙo mai digiri na farko yuan 2,500 a wata, na biyu 3,000, na uku 3,500, ban da ɗaki da kuɗin makaranta kyauta. Ɗan ƙasa mai digiri na biyu abin da gwamnati ke ba shi wajen 600 ne a wata. Kun tuna abin da ya faru a Jami'ar Shandong a 2019, da aka haɗa baƙi da abokan karatu Sinawa, intanet ta kama da wuta har jami'ar ta ba da haƙuri? An yi kalaman wariyar launin fata marasa daɗi a lokacin, na karanta su, sun yi mini ciwo. Amma a ƙarƙashinsu akwai yaron Henan da ya ga wani ya shigo ba tare da Gaokao ba an ba shi ɗakin mutum biyu.

Malama_Hausa
Tunda ana maganar azuzuwa, ba duka ne manya ba. Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Bejin tana koyar da Hausa tun shekarun 1960, kusan lokacin da Rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa a 1963. Na haɗu da wasu ɗalibanta. Ajinsu ƙarami ne, malami ya san kowa, kowannensu ma da sunansa na Hausa. Wata ta gaishe ni har da tambayar gajiya da iyali, ta kawo mini karin magana daidai wurin da ya dace. Da na tambaye ta ko ita ta zaɓi Hausa, ta ce makinta ne ya kawo ta, jami'ar take so, aka ba ta wannan fannin. Daga baya ta so shi. Da yawansu haka suke, maki ke zaɓa musu abin da za su karanta, canjawa kuma sai wanda ya yi fice a shekarar farko.

Gaskiya_Dokin_Karfe
Kuma bayan duk wannan, aikin fa? A Yunin 2023 hukumarsu ta ƙididdiga ta ce rashin aikin yi tsakanin matasa 'yan 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. Sai aka daina fitar da alƙaluman na wasu watanni, da aka dawo an cire ɗalibai daga lissafin. Suna da kalma, neijuan, kowa na ƙara gudu amma ba wanda ya matsa gaba, kamar 'yan kallo da na gaba ya miƙe tsaye, dole kowa ya miƙe, kuma ba wanda ya ƙara gani. A 2021 wasu suka fito da tang ping, wato mu dai mun kwanta. Layin laburaren da ya burge Alhaji, shi ne neijuan ɗin.

Uwar_Biyu
Kashi 21 ne ya tayar musu da hankali? Allah sarki. Ni dai har yanzu ban sauya ra'ayi ba. A ba 'yata ɗakin mutum shida da wutar da ake kashewa sha ɗaya, in dai za ta gama a shekara huɗu.

Injiniya_Wuhan
Hajiya, a lokacin korona fa an kulle su a harabar watanni, ba shiga ba fita sai da izini, gwaji kusan kullum, har a Nuwambar 2022 ɗalibai a Tsinghua da wasu jami'o'i suka fito zanga-zanga riƙe da farar takarda ba rubutu. Amma ko a lokacin karatu bai tsaya ba, ta intanet aka ci gaba, aka yaye su a kan lokaci. Ban san ko wannan hujjarki ce ko ta Gaskiya ba, kowa na iya ɗauka.

Dan_Kurmi
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na shigo da abu ɗaya a kaina, yanzu sun zama goma. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan je Gwanzu, kuma yaron da ke yi mini tafinta a kasuwa ya taɓa ce mini injiniyanci ya karanta, ban taɓa tambayarsa yadda aka yi ya ƙare a tafinta ba. Wannan karon zan zaunar da shi. Dakta, abokin nan naka da bai haye ba, ina yake yanzu?

Dakta_Kimiyya
Ya koma wata ƙaramar kwaleji a garinsu, albashi ya ragu, ɗakin gwaji babu. Da sallar bara ya turo mini gaisuwa da hoton ajinsa, yara arba'in da wani abu. Ya ce yanzu yana sake rubuta darasinsa kowane zango, kuma ya san sunan kowa.

Yar_Damagaram
Na ba ƙawata labarin bidiyon da Alhaji ya gani. Ta ce ita ma ta yi wannan layin hunturu biyu a jere, ba ta samu gurbin ba. Yanzu tana gidan iyayenta a Henan tana shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati, a laburaren gari take karatu. Ta ce can ma sai ka je kafin bakwai.